Karatun Malanta Haɗe da Ilimin Girman Yaro: Hanyoyin da Ɗalibin Katsina ko Daura Zai Bi

Da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, ba a rasa ɗalibin da zai ce shi ilimin halayyar ɗan Adam yake so, musamman ɓangaren da ya shafi yadda yaro ke girma da yadda hankalinsa ke buɗewa, kuma yana so ya zama malamin makaranta. Matsalar ita ce a jami'o'in Najeriya an raba wa abubuwan nan biyu gida. Saikoloji zalla, wato ilimin halayyar ɗan Adam, yana tsangayar kimiyyar zamantakewa, malanta kuma tana tsangayar ilimi. Shi kuwa ilimin girman ɗan Adam da wuya a same shi a matsayin digirin farko mai cin gashin kansa. Darasi ne da ake yi a cikin kwasa-kwasan biyu, sai an kai matakin mastas ake ƙwarewa a kansa.

Saboda haka, kafin ka taka ƙafa cibiyar rajista, yanke shawarar inda kake so ka tsaya bayan shekara biyar ko shida. Idan gaban allo ne, a firamare ko sakandare ko kwalejin horon malamai, ka shiga ta tsangayar ilimi, ka riƙe darasi ɗaya da za ka iya koyarwa, sa'annan ka gina ilimin halayya a kai. Idan asibiti kake hange, wurin masu lalurar ƙwaƙwalwa, wannan hanya ce dabam: B.Sc a saikoloji, kamar wanda ake yi a Jos ko Ibadan ko Nsukka, inda aka buɗe sashen farko a ƙasar nan a 1964, daga nan mastas a ɓangaren asibiti. Digirin ilimi ba ya kai mutum can, komai kyawun sakamakonsa.

Hanyoyin shiga

Hanya mafi gajarta ita ce digirin ilimi na shekara huɗu ta jarrabawar UTME da JAMB ke shiryawa. A cikin Jihar Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011, da Alƙalam mai zaman kanta ta 2005, dukkansu suna horar da malamai. Kusa da mu akwai Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya, wadda take da sashe sukutum na ilimin halayya a fagen koyarwa da ba da shawara. Digirin iri biyu ne. Akwai wanda ya haɗa malanta da darasin koyarwa, wato B.A.Ed ko B.Sc.Ed a Hausa, Turanci, Larabci, Lissafi, Bayoloji da sauransu. Akwai kuma B.Ed a fannin ilimi kansa: jagoranci da ba da shawara, ilimin ƙananan yara, ilimin firamare, ko ilimin masu buƙata ta musamman. Na biyun ya fi yawan darussan halayya. Na farkon ya fi saurin kawo aiki, domin tambayar da shugaban makaranta ke fara yi wa mai neman aiki ita ce, “Malam, me za ka koyar?” Wanda ya ɗauki jagoranci da ba da shawara ya bincika tun aji ɗaya ko tsarin sashensu ya tanadi darasin koyarwa. In akwai zaɓi, ya ɗauki wanda ake ƙarancin malamansa, ya riƙe shi har aji huɗu.

Hanya ta biyu ita ce NCE, shaidar malanta ta ƙasa, shekara uku, a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ko ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ko ta Yusufu Bala Usman a Daura. Daga nan a nemi shiga kai tsaye, wato DE, a faɗa aji biyu na jami'a, a ƙara shekara uku. Shida ke nan a maimakon huɗu. Mutane na raina wannan hanya, amma ga mai son aiki da ƙananan yara tana da riba biyu: mai NCE ya riga ya tsaya gaban aji na tsawon zango guda kafin ya fara karanta nazariyoyin jami'a, kuma yana da takardar da zai fara aiki da ita, tun da NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Abin da ke kayar da mutane a DE shi ne sakamako. Kowace jami'a da ma'auninta, amma galibi ana neman aƙalla darajar C a manyan darussa da kuma darasin ilimi. Wanda ya yi wasa da shekarar farko ta NCE, a shekara ta huɗu zai ga abin da ya shuka. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu, ban da NCE, don haka a tambayi ofishin rajista kwasa-kwasan da suka riga suka samu amincewa.

Hanya ta uku ta wanda ya riga ya yi digiri ne a wani fanni, har da mai B.Sc a saikoloji. Shi PGDE zai yi, difilomar malanta ta bayan digiri, wadda ke ɗaukar kimanin shekara guda, a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. In babu ita, mai digirin saikoloji ba ƙwararren malami ba ne a idon hukuma, ko da ya shekara goma yana koyarwa.

Malamin da ke kan aiki a ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko ma'aikatar ilimi yana iya bin karatun hutu ko na ƙarshen mako ko NOUN, jami'ar karatu daga gida. Sharaɗi ɗaya ne a nan ba a tsallake shi: takardar izinin ƙaro karatu a rubuce, kafin a fara. Wanda ya tafi ba izini ya dawo da digiri yakan sha wahala kafin a ɗaga masa matsayi. A kuma sani cewa karatun hutu ko na ƙarshen mako ba ya kai mutum bautar ƙasa, takardar keɓewa ake bayarwa, haka ma wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa zai karɓa.

Takardu

Kiredit biyar ake nema a WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, har da Turanci, galibi da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Wanda ya rasa Lissafi ya sake zama ya ci. Ko an lallaɓa an ba shi gurbi a yau, ranar tantance takardu ko ranar neman mastas maganar za ta taso, ga shi kuma awon jarrabawa da ƙididdigar bincike duk lissafi ne. A UTME darussa huɗu ne, Turanci dole, jimillar maki 400. Sauran ukun sun danganta da kwas, kuma jami'o'i na sassaɓawa, don haka a buɗe kundin JAMB na shekarar a karanta layin jami'ar da ake so da ido, kada a dogara da abin da mai kafe ya tuna daga bara.

Abin da ya fi cin ɗalibanmu shi ne suna. A WAEC an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a takardar firamare kuma an liƙa sunan gari a ƙarshe, Daura ko Mashi ko Kaita. Ranar haihuwa ma biyu ce. JAMB daga NIN take ɗauko bayanai, don haka a gyara NIN ta dace da takardar sakandare tun kafin a aika saƙon neman lambar rajista zuwa 55019. Layin wayar ya zama naka na kanka, wanda ba za ka yar ba. Bayan jarrabawa a tabbatar an ɗora sakamakon sakandare a shafin CAPS, inda JAMB ke ba da gurbin karatu, in gurbi ya fito a karɓe shi a can, a buga takardar. Gurbin da makaranta ta bayar a bayan fage, JAMB ba ta sani ba, shi ne ke hana sunan mutum fita a jerin masu bautar ƙasa bayan shekara huɗu. A kuma duba ko kwas ɗin yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ko NCCE, ta kwalejojin ilimi, in kwaleji ce, domin ana tantance kwas ne ɗaya bayan ɗaya, ba makaranta dunƙule ba.

Abin da za a karanta, da yadda ake cin moriyarsa

Darussan halayya a karatun malanta kusan iri ɗaya ne ko'ina: girman yaro, yadda ɗan Adam ke koyo, halayyar matasa, awo da tantancewa, ba da shawara, da gabatarwa kan masu buƙata ta musamman. Yawancin ɗalibai handawut suke haddacewa su zubar a jarrabawa. Ana cin maki da haka, amma ranar da aka tsaya gaban yara tamanin babu abin da ke saura a hannu.

A ɗauki Jean Piaget na ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Ya kasa buɗewar tunani gida huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2 yaro na sanin duniya da baki da hannu da ido, daga 2 zuwa 7 harshe ya zo amma abin da ido ya gani shi ne gaskiya, daga 7 zuwa 11 yana iya lissafi da hujja muddin abin yana gabansa, daga 11 ko 12 ya fara tunani a kan abin da ba a gani. Amfanin wannan ga malamin aji biyu shi ne ya daina rubuta 7 + 5 a allo yana jiran amsa daga sama. Ya kawo marafan kwalba ko tsakuwa ko ƙwallon dabino, kowane yaro ya ƙirga da hannunsa, bayan makonni a koma zane, daga baya a koma lamba zalla. Shekarun nan ba doka ba ne. Binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna jerin matakan na nan, amma lokacin isa kowane mataki na sauyawa da irin abin da yaro ya saba yi. Yarinya 'yar shekara takwas mai tallan gyaɗa tana ba da canjin naira 500 ba kuskure, a aji kuma a ce ba ta iya ragewa. Ta iya. Alamomin allo ne ba a haɗa mata da abin da ta riga ta sani ba.

Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya mutu a 1934 yana da shekara 37, ya ce koyo na faruwa ne a tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke yi shi kaɗai da abin da yake yi in wanda ya fi shi ya kama masa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga wannan: gardi na biya wa ƙolo, ana fara babbaƙu kafin farfaru, ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Tilawa kuma ita ce maganin abin da Hermann Ebbinghaus na Jamus ya auna a 1885, cewa mafi yawan mantuwa a farkon lokaci take faruwa, kuma maimaici a rarrabe ya fi na zama ɗaya. Ɗalibin da ya iya ɗauko irin waɗannan misalai daga gidansu ya fahimci nazariyar. A amsar jarrabawa ma, malamin da ya gaji da karanta misalin littafi sau ɗari biyu yakan lura da takardar da ta zo da nata.

A darasin matasa za a haɗu da Erik Erikson da matakansa takwas, inda ya ce babban aikin matashi shi ne gano ko shi wane ne. Za a haɗu da Albert Bandura da gwajinsa na 1961, wanda ya nuna yara na kwaikwayon dukan da suka ga babba ya yi. Za a karanta B.F. Skinner a kan lada da horo. Darasin da ke ciki ga mai riƙe da bulala shi ne duka na dakatar da hali na ɗan lokaci amma ba ya koyar da wanda ya kamata a yi. Ibn Khaldun ya riga su faɗa tun ƙarni na 14, cewa tsanantawa na koya wa yaro ƙarya da kasala. Umarnin fara sa yara salla a shekara bakwai shi ma abin tattaunawa ne mai kyau a wannan aji, domin ya faɗo daidai lokacin da masana ke ganin hankali na sauya salo.

Kada a raina ɓangaren jiki. Ƙarancin sinadarin ayodin da ƙarancin jini da tamowa a kwana dubun farko na rayuwa suna taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yaron da ya zo ba karin kumallo ba ya riƙe darasin ƙarfe sha ɗaya. Da yawa daga waɗanda ake kira daƙiƙai ba sa gani ne ko ba sa ji sosai. Allon gwajin ido da ake karantawa daga nisan mita 6 ba shi da tsada, kuma duk mai wannan karatu ya kamata ya iya amfani da shi.

Darasin awo da tantancewa shi ne wanda aka fi kwasar kariyoba a cikinsa, shi ne kuma wanda ya fi amfani a ranar aiki. Abu uku a fita da su. Na ɗaya, jadawalin tsara jarrabawa, wanda ke raba tambayoyi bisa yawan makonnin da kowane batu ya ci. Na biyu, awon wuyar tambaya: a raba yawan waɗanda suka ci da yawan waɗanda suka zauna, in yara 12 cikin 60 suka ci, 0.2 ke nan, tambayar ta yi tsauri ko ba a koyar da batun ba. Na uku, kwatanta kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa. Tambayar da na ƙasa suka fi na sama ci, akwai kuskure a cikinta ko a amsar da malam ya tanada.

Nazarin yaro guda

Ko sashe bai tilasta ba, a yi wannan aiki tun aji biyu, domin shi ne ke mayar da karatun ya zama sana'a. A zaɓi yaro ɗaya mai shekara biyar zuwa takwas, wanda ba ɗan gidanku ba, tun da ƙaninka ka riga ka yanke masa hukunci. A nemi izinin iyaye da na hedimasta, a gaya musu ba za a rubuta sunansa ba. A tanadi littafi guda, a raba kowane shafi biyu: hagu abin da aka gani, dama abin da ake zato. Minti 15 ya isa zama ɗaya, sau uku a mako, tsawon mako shida, a wurare dabam-dabam: aji, filin wasa, Islamiyya, ƙofar gida.

Kuskuren farko shi ne rubuta hukunci a hagu. “Yaron yana da taurin kai” zato ne. “Malama ta kira shi sau uku, bai juyo ba, yana zaune a layi na ƙarshe kusa da taga” shi ne gani, kuma daga shi ne za a iya fara tunanin ko kunne ne. Kuskure na biyu shekaru. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa, abin da ke rajistar makaranta ƙiyasi ne. A tambayi uwa ta hanyar da ta saba lissafi: damina nawa, azumi nawa, wa ya riga wa tsakaninsa da ɗan maƙwabta mai takarda, ya fara famfara ko bai fara ba. Faɗuwar haƙoran gaba kan fara ne wajen shekara shida.

A mako na huɗu a gwada gwajin Piaget. A jera marafan kwalba bakwai a layi biyu daidai wa daida, a tambaya ko yawansu ɗaya. Sai a baza layi ɗaya ya yi tsawo a gaban idonsa, a sake tambaya. Haka da ruwa: kofi biyu iri ɗaya, a juye ɗaya cikin siririyar kwalba. A nan akwai tarko. Yaron da aka yi wa tarbiyya, in babba ya maimaita masa tambaya, ɗauka yake amsar farko ba daidai ba ce, sai ya canza. Masu bincike sun nuna wannan tun shekarun 1970, kuma a wurinmu, inda kunya ke hana yaro musu da babba, abin ya fi ƙarfi. Maganinsa a yi tambayar sau ɗaya, bayan an baza, ko a sa yayarsa ta tambaya kana gefe, kuma kullum a bi da “me ya sa ka ce haka?” Dalilin da ya bayar ya fi amsar daraja. A yi komai da Hausa. Sunkuyar da kai da ƙin haɗa ido kuma ladabi ne a nan, kada a rubuta su a matsayin alamar lalura don littafin da aka rubuta a Amurka ya lissafa su.

Gwajin koyarwa

Kafin TP, wato gwajin koyarwa a makaranta, akwai ƙaramar koyarwa: darasin minti biyar zuwa goma a gaban 'yan ajinku kaɗan, a gwada dabara ɗaya, kamar buɗe darasi ko jefa tambaya ko ƙarfafa gwiwa, a ji gyara, a sake. A kwalejoji sai an ci wannan ake fita TP. A sa aboki ya ɗauka da waya, a kalla. Yawanci abin da za a gani shi ne malam na magana da allo ya ba yara baya, kuma yana amsa tambayarsa da kansa kafin daƙiƙa biyu. A koyi yin shiru na daƙiƙa uku zuwa biyar bayan tambaya. Hannuwa sun fi tashi, amsoshi sun fi tsawo.

A NCE zango guda ake yi a shekarar ƙarshe, a jami'a kuma yawanci kashi biyu ne a aji uku da aji huɗu. Wanda ke da bakin zaɓe ya nemi makarantar gwamnati mai cunkoso, ya kuma karɓi ƙananan azuzuwa da kowa ke gudu. A makon farko a gwada karatun kowane yaro shi kaɗai, minti biyu: baƙi, gaɓa, kalma, jimla. Za a tarar a aji huɗu akwai mai karanta labari, akwai wanda bai rarrabe b da d ba, kuma shekarunsu daga tara har sha uku. A kasa su rukuni uku bisa abin da suka iya, ba bisa tsawo ba. Littattafan karatun Hausa na shirin RANA, da aka yi aiki da su a Katsina da Zamfara, suna nan a wasu makarantu, a tambayi hedimasta.

Mai duba TP ba ya sanar da ranar zuwansa. Abin da yake fara karɓa shi ne littafin tsarin darasi, da sa hannun malamin darasin a kowane shafi. Manufar darasi ta zama abin da za a iya gani: “su jera lambobi biyar daga ƙarami zuwa babba”, ba “su fahimci lamba” ba. Ga matan aure da masu goyo, a lissafa zangon TP tun shekara guda kafin ya zo, a nemi makaranta kusa da gida da wuri, domin faɗuwa ko rashin zuwa na nufin ƙarin shekara.

A Katsina da Daura da sauran manyan garuruwa za a iya samun yaran da rashin tsaro ya koro daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana ko Faskari. Firgita da ƙarar babur, yawan shiru, faɗa ba dalili, fitsarin kwance bayan an daina, duk suna iya biyo bayan abin da yaro ya gani. Kada ɗan TP ya sa shi ba da labari a gaban aji. A ba shi wurin zama tabbatacce da tsarin yini da ba ya canzawa, a sanar da hedimasta da iyaye.

Furojet

Batun ya zama ƙarami. “Tasirin talauci ga ilimi a Jihar Katsina” ba ya ƙarewa a zango biyu. “Bambancin saurin karatun Hausa tsakanin 'yan aji uku da suka yi ajin share fage da waɗanda ba su yi ba, a makarantu huɗu na cikin garin Daura” yana ƙarewa, kuma ana iya kare shi. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 da sassan ilimi ke amfani da shi ya ce cikin mutum 100 a ɗauki 80, cikin 500 a ɗauki 217, cikin 1,000 a ɗauki 278. A lissafa kuɗin buga takardu da na mota da wannan adadi kafin a kai batun wurin mai duba aiki.

Babbar ɓarna ita ce raba takardar tambayoyi ta Turanci ga yaran da ba sa karanta ko Hausa. Za su cike, za a samu lambobi, manhajar ƙididdiga ta SPSS za ta fitar da jadawali, amma ba abin da aka auna. A mayar da tambayoyin Hausa, a ba wani da bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci, a kwatanta, a gyara inda ma'ana ta kauce. A gwada a kan yara 20 zuwa 30 a makarantar da ba ta cikin binciken. Ana son ma'aunin Cronbach, wanda ke nuna ko tambayoyin sun dace da juna, ya kai 0.70. Ga 'yan ƙasa da aji huɗu, a karanta musu da baki ɗaya bayan ɗaya, a rage zaɓin amsa zuwa biyu ko uku. Sayen furojet a shagon kwamfuta kuwa, ban da haɗarin kora, yana barin mutum ba ya iya rubuta shafi ɗaya na shawarar bincike ranar da ya nemi mastas.

Bayan digiri

Rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993, ita ce ta gaba. Ana zana jarrabawar ƙwarewa a kwamfuta, a karɓi shaida da lasisi. Rukuni huɗu ne: D na masu NCE, C na masu digiri, B na masu mastas, A na masu digirin digirgir. A aikin gwamnati mai digiri kan fara a mataki na 8, mai NCE a ƙasa da haka.

Ƙwarewa ta gaske a ilimin girman yaro a M.Ed, wato mastas a ilimi, ake samunta, a fannin ilimin halayya a fagen koyarwa, ko ba da shawara, ko ilimin ƙananan yara, kuma Bayero da Ahmadu Bello sun daɗe suna yi. Galibi ana neman digiri mai daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce, wato maki 2.40 cikin 5.00, ta sama daga 3.50 take farawa, ta ɗaya daga 4.50. Mai son koyarwa a kwaleji ko jami'a ya sa ido a kan 3.50 tun zangon farko, domin makin tarawa ake yi, kuma ramin aji ɗaya da wuya aji huɗu ya cike shi. Takardar sakamakon shekara-shekara da jami'a ke aika wa jami'a tana ɗaukar lokaci, a neme ta watanni kafin a rufe fom. Mai sha'awar masu buƙata ta musamman ya nemi yin aikin sa kai a makarantar kurame ta Malumfashi ko ta makafi a Katsina kafin ya zaɓi fannin, ya kuma fara koyon maganar hannu ko rubutun makafi tun yana can.

Wanda ya zama mai ba da shawara a sakandare ya san iyakarsa. Zaɓen darussa, matsalar karatu, rikici da iyaye, fargabar jarrabawa, waɗannan nasa ne. Ɗalibin da ke maganar kashe kansa, ko jin muryoyi, ko wanda ƙwaya ta riga ta kama, na likita ne, a ranar, tare da iyayensa: Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano. A rubuta takardar turawa a taƙaice, abin da aka gani da ranar da aka gani, ba tare da sanya wa cutar suna ba, a ajiye kwafi a fayil mai makulli wanda sauran malamai ba sa buɗewa.